Yadda Ake Ɗaure Bakin Wayar Lantarki

Jama'a, duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san darajar ƙulli. Masunci yakan sayi igiya sabuwa mai ƙwari, ya ɗaure jirginsa da ita da magariba. In ƙullin bai kama ba, da safe sai ya tarar jirgi ya bi ruwa, ga igiya nan lafiya lau, ga turke nan a kafe. To, haka wayar lantarki take. Ba kasafai waya mai kyau takan lalace a tsakiyarta ba. Yawancin ɓarna daga bakinta take farawa, watau wurin da aka ɗaure ta a jikin soket, ko makunni, ko fulogi, ko wurin da aka haɗa ta da wata waya. Wannan wuri shi muke kira mahaɗa. A darasin yau za mu duba abin da ke sa mahaɗa ta yi zafi har ta ta da gobara, da kayan aikin da masu gyaran wuta ke riƙewa, da yadda suke ɗaure bakin waya ya zauna daram.

Daga Ina Wutar Take Zuwa?

Mu mutanen ƙasar Yauri ba baƙi ba ne ga zancen lantarki. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kawo Yelwa. Gungu da yawa suka nutse, da gonaki, da garuruwa. Mutane wajen 44,000 aka tayar daga mazauninsu, aka sāke musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa na ƙasarmu. Dattawanmu sun ba da ƙasarsu domin a sami wannan wuta. Bai kamata mu bar ta ta zama ajalin jikokinsu ba.

A Kainji ruwa ne ke juya manyan injuna guda 8, waɗanda aka kafa su don su ba da megawat 760 in duka suna aiki. Daga can wuta takan hau manyan wayoyi da ƙarfin bolt 330,000. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, harafin V ake rubuta masa. Sa'an nan taransifoma ta rage ta hawa hawa, har ta shigo gidanka tana bolt 230. A wannan doguwar tafiya wuta takan ratsa mahaɗa bila adadin. Na kan hanya injiniyoyi ke lura da su. Na cikin ɗakinka kuwa, in kai ba ka lura ba, babu mai lura.

Me Ke Sa Mahaɗa Ta Yi Zafi?

Ku tuna da mai lambun albasa yana ban ruwa. In hanyar ruwan tana da faɗi, ruwa yakan wuce salin alin. In wani wuri ya tsuke, nan ruwa zai yi ta kokawa, yana cin gefe, har ya fasa. Haka wuta take a cikin waya. In ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe sosai, an matse su, wuta za ta wuce ba wahala. In noti ya yi sako-sako, ko tsatsa ta shiga tsakani, sai ya zama ɗan wuri kaɗan ne ke taɓa juna. Duk wutar sai ta matsu ta bi ta wannan ƙaramar kafa, wurin ya ɗauki zafi.

Zafin nan kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙarfe in ya ji zafi yakan buɗe, in ya huce ya tsuke. Yau da gobe noti ya ƙara kwancewa. Zafi kuma yana sa fuskar ƙarfe ta yi baƙi, baƙin nan ya ƙara tare wa wuta hanya, zafi ya ƙaru. Daga nan roba ta narke, tartsatsi ya fara. In akwai labule kusa, ko katifa, ko silin, ko jinka, shi ke nan.

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. In wutar da ke bin mahaɗa ta ninka sau 2, zafin yakan ninka sau 4. In ta ninka sau 3, zafin ya ninka sau 9. Ƙwan fitila na zamani yakan ci wat 10. Dutsen guga yakan ci wat 1,000, watau ninkin ƙwan sau 100. Zafin da zai jawo wa mahaɗa maras kyau kuwa ya kai ninki wajen 10,000. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa, "Ai shekara biyar muna amfani da wannan waya ba abin da ya faru." Gaskiyarsa. Shekara biyar tana ɗauke da fitila. Ran da aka jona mata dutsen guga ko hita, ran nan ta nuna halinta.

Wani zai ce, "To, ina amfanin fis da bireka?" Amfaninsu babba ne, amma suna da iyaka. Aikinsu shi ne su yanke wuta in ta yi yawa fiye da kima, kamar in waya biyu sun haɗu, ko an ɗora wa layi kaya fiye da ƙarfinsa. Mahaɗa mai sako-sako ba ta ƙara yawan wutar da ke wucewa. Saboda haka bireka ba ta san ana yi ba. Soket zai iya narkewa ƙurmus, ita tana nan a kunne. Ka ga ke nan babu mai tsare ka daga wannan haɗari sai kyakkyawan aiki tun ran farko.

Ƙarni Ba Kifi

Wata shekara da hunturu muna ajin dare a wani zaure, sai muka riƙa jin ƙarnin kifi. Muka ɗauka wani ɗalibi ne ya biyo ta kasuwa da ƙunshinsa. Aka yi ta zolayar juna, aka tashi. Kashegari ƙarni ya dawo, na uku ma haka. Sai wani dattijo cikin ɗalibai ya jingina da bango, ya zabura ya ce bangon da zafi. Muka duba, ashe soket ne. Mai gidan yakan jona hita a nan don ruwan wanka. Muka kashe wuta daga babban makunni, muka ƙarasa darasi da tocila. Da safe mai gyara ya buɗe. Noti ɗaya ya kwance, bayan soket ya zama gawayi, robar waya tana marmashewa a hannu. Buhunan shinkafa kuwa suna jingine taki biyu daga wurin.

Wannan ƙarni ba abin mamaki ba ne. Irin robar da ake yin waɗansu soket da makunni da ita, in ta gasu, warin kifi take yi. A wani gari nan da nan za a tsargu. A garinmu kuwa, inda kifi yake ko'ina, hanci ya saba. Saboda haka mu ne muka fi kowa bukatar wannan gargaɗi. In ka ji ƙarni a ɗakin da babu kifi, ka kashe wuta, ka bincika.

Akwai sauran alamu. Fitila tana ƙyaftawa alhali ta maƙwabta tana tsaye. Makunni yana ƙara kamar ana suya. Fulogi yana zafi in ka zare shi. Bakin soket ya yi baƙi ko ruwan ƙasa. Ko ɗaya ka gani cikin waɗannan, kada ka ce sai gobe.

Kayan Aiki

Ana gane maƙeri da kayan aikinsa, haka mai gyaran wuta. Ga abubuwan da ya kamata ka gani a jakarsa.

Na farko sukudireba, manya da ƙanana, mai baki ɗaya da mai baki huɗu. Ta aikin wuta tana sanye da roba tun daga mariƙi har kusa da baki, an kuma rubuta 1000V a jikinta. Tilas bakinta ya yi daidai da kan noti. In ya yi ƙanƙanta zai cinye kan notin, ba kuwa zai matse shi ba.

Na biyu filaya mai mariƙin roba, don riƙe waya da murɗa ta. Akwai mai dogon baki don lanƙwasa waya a matsattsen wuri, akwai kuma ta yanka.

Na uku abin feɗe waya. Kamar filaya yake, amma yana da ramuka jere, kowane rami da lambarsa. In ka sa waya a ramin da ya dace, zai yanke roba ya bar ƙarfe ba ƙwarzane.

Na huɗu abin gwajin wuta. Kowa ya san testa, 'yar sukudireban nan mai fitila a ciki. Tana da amfani, amma takan yi ƙarya. Cikin hasken rana ba a ganin fitilarta sosai, wani lokaci kuma ta mutu ba ka sani ba. Mita mai wayoyi biyu, wadda ke nuna lamba, ta fi ta aminci.

Na biyar abin matse kan waya, wanda ake aiki da shi a kan manyan wayoyi. Za mu zo kansa.

Na shida salatif na wuta. Aikinsa rufe ƙarfe kurum. Ba ya ɗaure waya, ba ya kuma maye gurbin noti.

Haƙori ba ya cikin kayan aiki, haka reza da wuƙar kicin.

Kafin A Taɓa Waya

Wutar da ke gidanka ta isa ta kashe ƙato nan take. Saboda haka gwani ba ya aiki a kan waya mai rai. Yakan bi matakai huɗu, ba ya tsallake ko ɗaya.

Da fari ya kashe babban makunni. In fis ne, ya zare shi ya sa a aljihunsa, don kada wani ya zo ya mayar. Na biyu ya kashe janareta, da inbata, da duk wata hanya da wuta za ta iya shigowa. Na uku ya gwada abin gwajinsa a wurin da ya tabbata akwai wuta, ko a kan batir in mita ce, don ya san yana aiki. Na huɗu ya gwada wayar da zai taɓa, kowane sili da kowane noti.

Babban kuskuren da ake yi a ƙasarmu shi ne mutum ya ce, "An ɗauke wuta, bari in yi sauri in gyara." Wanda ya ɗauke ba zai yi maka sallama ba in zai kawo. Ko an ɗauke, ka kashe naka makunnin. Hannu ya zama busasshe, ƙafa da takalmin roba, ƙasa ba jiƙe ba.

Feɗe Waya Da Ɗaure Ta

Yanzu ga aikin kansa. Mu bi shi daki daki.

A auna tsawon da za a feɗe. Ga soket da makunni kamar santimita 1 ne, watau kusan faɗin farcen ɗan yatsa. Waɗansu soket an zana ma'aunin a bayansu. In an feɗe da yawa, ƙarfe zai leƙo tsirara, ya iya taɓa ɗan'uwansa. In an feɗe kaɗan, noti zai danne roba maimakon ƙarfe, wannan kuwa mahaɗa ce mai zafi tun ran da aka yi ta.

In babu abin feɗewa sai wuƙa, a kwantar da bakinta kamar mai fiƙe alƙalami. Kada a zagaya ta a tsaye kamar mai yankan rake. Zagayen nan yakan bar tsaga a jikin ƙarfe, kuma daga nan waya za ta karye wata rana.

In waya mai sili da yawa ce, a duba kada ko ɗaya ya yanke. Waya mai sili 7 da aka yanke mata 2 ta zama ƙaramar waya a daidai wurin da aka fi bukatar ƙarfinta. In sili ya yanke, a datse bakin duka a sāke. Sa'an nan a murɗa silin su zama tsintsiya ɗaya, kada wani ya yi tsaye a gefe. Ƙarfen ya zama mai ƙyalli. In ya yi baƙi ko kore, a kankare shi, ko a yanke har inda yake da kyau.

Wurin ɗaurewa iri biyu ne. Akwai mai rami, inda ake cusa waya, noti ya sauko ya danne ta. A nan a tura waya har ƙarshen rami. In siririya ce ramin kuwa da faɗi, a ninka bakinta biyu don noti ya sami abin kamawa. Akwai kuma inda waya ke zagaya wuyan noti, kansa ya danne ta. A nan a lanƙwasa ta kamar ƙugiya, a sa ta ta bi hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Dalili shi ne noti ma ta dama yake ɗauruwa, saboda haka yana juyawa yana jan ƙugiyar ciki. In an sa ta ta hagu, noti zai riƙa tura ta waje.

A matse noti sosai, amma ban da mugunta. Wanda ya wuce kima zai yanke sili ko ya lalata zaren noti. Da an gama, a kama waya a ɗan ja ta. In ta motsa, aiki bai yi ba, a sāke. Wannan ɗan ja ba ya cin daƙiƙa biyu, amma shi ne ya raba gwani da ɗan koyo.

Launin Waya Da Fulogi

Wayoyi uku ke zuwa soket. Akwai mai rai, wadda ke kawo wuta, ana rubuta mata L. Akwai mai mayarwa, ana rubuta mata N. Akwai ta ƙasa, ana rubuta mata E. Ita ta ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai ran da abu ya lalace. Ran nan ita za ta kwashe wutar daga jikin firji ko dutsen guga ta kai ƙasa, maimakon ta bi ta jikin matarka ko ɗanka. Ga amfanin karatu a fili: haruffa uku kacal, amma wanda ya san su ya san inda kowace waya za ta shiga.

A tsohon tsari mai rai ja ce, mai mayarwa baƙa, ta ƙasa koriya. A sabon tsari mai rai ruwan ƙasa ce, mai mayarwa shuɗiya, ta ƙasa kore da rawaya. Duka biyu ana samunsu a gidajenmu. Amma launi ba shaida ba ne, gama ba ka san wanda ya yi aikin farko ba. A gwada tukuna. Makunni kuma kullum a kan waya mai rai ake sa shi. In an sa shi a kan mai mayarwa, fitila za ta mutu, amma wuta tana nan a mazaunin ƙwan tana jiran mai canja shi.

Fulogin nan mai ƙafa uku masu kusurwa daga Ingila muka gaje shi, can aka fito da shi a 1947. In ka buɗe shi, ƙafafunsa suna kallon ƙasa, babbar ƙafa tana sama, to, mai rai tana dama wajen fis, mai mayarwa tana hagu, ta ƙasa tana sama. A bar wa ta ƙasa ɗan rara, don in an fizge waya ta zama ita ce ta ƙarshen fita. A bakin fulogi akwai ɗan maƙalli mai noti biyu. Rigar waje ta waya zai danne, don in yaro ya ja waya, jan ya tsaya a nan.

Fis na cikin fulogi yana da lamba. Mai 3A na ƙananan kaya ne, kamar fitila da rediyo. Mai 13A na manya ne, kamar dutsen guga da hita. Harafin A yana nufin amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudu. In fis ya ƙone, akwai dalili, gama ruwa ba ya tsami banza. A nemi dalilin, a sa sabon fis mai lamba ɗaya. Kada a naɗa masa waya ko takardar sigari. Haka nan kada a cusa tsirarar waya a ramin soket a tokare ta da tsinken ashana. Kuɗin fulogi bai kai kuɗin katifa ba.

Haɗa Waya Biyu

Abin da aka saba gani shi ne a murɗa waya biyu da hannu, a naɗe da salatif, wani ma da leda. Zafin ƙasarmu yakan sa salatif ya saki cikin 'yan watanni, murɗin kuma ya sassauta. Hanyar ƙwarai ita ce a yi amfani da mahaɗin waya, wanda masu shago ke kira kanekta. Ɗan bututun ƙarfe ne cikin roba, da noti biyu, kowace waya da nata. Akwai kuma na zamani mai ɗan marfi da ake dannawa. Kowanne aka ɗauka, a duba lambarsa ta dace da kaurin waya.

Sa'an nan mahaɗa tilas ta zauna cikin akwati mai murfi, a wurin da za a iya buɗewa a duba. Kada a binne ta cikin siminti, kada a jefa ta bisa silin inda ɓera ke yawo, kada a tura ta cikin jinka. Ta waje kuma tana bukatar akwatin da ruwa ba ya shiga, waya ta shigo masa ta ƙasa, don ruwan sama ya ɗiga waje. Mu da ke bakin tafki, daga Wara har Shanga, damshi ya fi cin ƙarfenmu, saboda haka dubawa kafin damina da bayanta wajibi ne.

Kaurin waya ma da ƙa'idarsa, an kuwa rubuta shi a jikinta. Mai 1.5 ta fitila ce da fanka. Mai 2.5 ta soket ce. Manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki suna son mai 4 ko mai 6, a kan layinsu na kansu.

Jan Ƙarfe Da Alminiyam

Wayar cikin gida ta jan ƙarfe ce, wanda masu aiki ke kira kofa. Wadda ke kan fal yawanci ta alminiyam ce, fara, maras nauyi. Waɗannan biyu ba sa zaman lafiya in an murɗa su tare. Da damshi ya shiga tsakaninsu, alminiyam zai fara cinyewa, ya zama farin gari. Shi alminiyam kuma yana da laushi, yakan janye daga ƙarƙashin noti a hankali. Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga wannan ba. A Amurka, daga wajen 1965 zuwa 1973, jan ƙarfe ya yi tsada, aka yi wa gidaje masu yawa wayarin da alminiyam. Daga baya gobara ta yi ta tashi daga mahaɗa, har aka bar yin haka da ƙananan wayoyin ɗaki. Akwai mahaɗi na musamman da aka ƙera don haɗa ƙarfen nan biyu, shi kaɗai ya dace.

A kasuwa kuma a yi hattara. Akwai waya da cikinta alminiyam ne, aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ka ajiye ta. Takan yi araha, ba ta kuma da nauyi a hannu. Araha ba ta ado.

Batir, Sola Da Janareta

Yanzu gidaje da shaguna da yawa sun sa sola. Mutane sukan raina wayar batir, wai bolt 12 ne kurum. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum, amma wajen gobara ya fi haɗari. Kayan da ke cin wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗoriya a kan bolt 230. A kan batir mai bolt 12 kuwa yana jan fiye da amfiya 80. Ku tuna da lissafinmu na zafi. Saboda haka wayar batir tilas ta zama mai kauri, gajera, da fis kusa da batir.

Bakin irin wannan waya ba a naɗa shi a wuyan noti. Akan sa masa kan ƙarfe mai huda, kamar zobe, a cusa silin duka a cikin bututunsa, a matse da abin matsewa har su zama kamar ƙarfe ɗaya. Guduma ba ta yin wannan aiki, filaya ma haka. Kada kuma a shafa wa bakin waya dalma sa'an nan a danne da noti. Dalma tana da laushi, za ta lotsa, noti ya saki.

Mai janareta kuwa lalle ya sa makunnin canji, wanda ke raba gidansa da layin gari kafin wutar janareta ta shiga. Wanda ya jona janareta kai tsaye a soket, wutarsa za ta iya fita ta hau fal, ta kashe ma'aikacin da ke gyara a can, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Aikin Wa Ne?

Ba mu rubuta wannan don kowa ya zama mai gyaran wuta ba, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Magidanci mai hankali zai iya ɗaura fulogi, ya canja fis, ya canja ƙwai. Wayarin gida, da akwatin bireka, da haɗa sola, aikin wanda ya koya ne. Fal da mita kuwa na kamfanin rarraba wuta ne. Da ana ce masa NEPA, wadda aka kafa a 1972, daga baya ta zama PHCN. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna. Akwai kuma hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba aikin lantarki da ba masu yinsa takardar shaida. In za ka ba mutum aikin gidanka, ba laifi ba ne ka ce, "Malam, don Allah in ga takardarka." Gwani ba ya fushi da wannan tambaya.

In ya fara aiki, ka tsaya ka gani. Ya kashe wuta ya gwada? Da me yake feɗe waya? Ƙarfe yana leƙowa? Ya ja waya bayan ya ɗaure? Ya sa ta ƙasa, ko ya datse ta ya yar? In ya ce a sayi kanekta da akwati, kada ka ce a yi maneji da salatif. Kuɗin da ka hana yau, shi za ka biya ninkin ba ninkin.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu, sai ta haɗa da kai. Ka kashe makunni, ko ka ture wayar da busasshen ice, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. In gobarar lantarki ce, a yanke wuta tukuna. Kada a watsa ruwa muddin wuta tana kunne. Busasshen yashi ya fi.

Yau in ka koma gida, kafin ka kwanta, ka zaga ɗakunanka. Ka shinshina, ka saurara, ka ɗora bayan hannunka a kan murfin kowane soket da ke aiki. Wanda ka ji da zafi, ka zare abin da ke jikinsa, ka kashe shi, gobe da safe ka kira mai gyara. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wannan darasi, gama gobara ba ta san katanga ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.

Tambayoyi

1. A wane wuri ne ɓarnar waya ta fi farawa?
2. Don me bireka ba ta yanke wuta in noti ya yi sako-sako?
3. Me za ka yi in ka ji ƙarnin kifi a ɗakin da babu kifi?
4. Ta wane hannu ake lanƙwasa waya a wuyan noti, kuma don me?
5. Rubuta haruffa uku da ke cikin fulogi, ka faɗi launin wayar kowanne.
6. Faɗi matakai huɗu da ake bi kafin a taɓa waya.